Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Akwai wani ɗan ciwo wanda na tabbata babu ko ɗaya daga cikin masu karanta wannan mujalla da bai taɓa ɗanɗana shi ba. Duk wanda ya taɓa tsinko ɗanyar tsamiya yana yaro ya gatsa, ko ya tsotsi lemon tsami, ko ya kurɓi zoɓon da ba a sa wa sukari ba, ya san wani abu da kan tsira masa can ƙarshen muƙamuƙi, daidai gindin kunne, sai ka ce an soka allura. Mutum ya runtse ido, ya dafe kunci, kafin ya ƙirga goma abin ya wuce, a yi dariya a ci gaba da sha'ani. To, a kan wannan ɗan ciwo nake so in yi magana, domin kuwa cikin shekara biyu na ga ya shiga danginmu har sau biyu da kama iri ɗaya, amma abin da ke bayansa ya sha bamban. Na farko kunun tsamiya ne ya tono shi, na biyu kuwa giya ce. Na san wani zai ce, me kuma ya kawo zancen giya cikin mujallarmu? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Ni mutumin ƙasar Bici ne, daga wani ƙauye wanda ba zan faɗi sunansa ba, saboda dalilin da zai bayyana nan gaba. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Bici, tafiyar kamar kilomita 40 ce daga birni. Ƙasa ce wadda mutane suka cika ta maƙil. Ba mu da daji, gona ce jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba. Kowace tsamiya, kowace ɗorawa, kowane gawo da ka gani tsaye a tsakiyar dawa, da mai shi. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin wannan karkara ta kewayen Kano, yana mamakin yadda ƙasa guda take ciyar da jama'a masu yawa haka, ana noma ta kowace damina ba hutu, da taki da jaki da fartanya. Abin da mu 'yan ƙasa muka sani ƙari a kan nasa shi ne, a irin wannan zama in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ne zai ce maka sannu. Alherin abin shi ne ba ka kwana da yunwa ba a sani ba. Wahalarsa kuwa ita ce asiri ba shi da wurin ɓuya, saboda haka mai asiri yakan haɗiye shi har ya zame masa cuta.

Bari in fara da Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Azumin 2021 ya faɗo ne cikin watannin Afrilu da Mayu, watau tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Gwaggo ba ta buɗa baki da komai sai kunun tsamiya. Tun daga goman tsakiya, da zarar ta kai ludayin farko baki sai ta saki salati ta dafe ƙarƙashin muƙamuƙinta na hagu. Kafin a idar da sallar magariba wurin ya kumbura kamar ƙwan zabo, kafin a dawo daga asham kuma ya saɓe kamar ba a yi ba. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wasu suka ce hangum ne, aka ce ina aka taɓa ganin hangum mai zuwa da magariba ya tafi da lisha? Wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce iska ce.

Abin da ya taimaki Gwaggo shi ne bakinta. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya sha labari daga farko har ƙarshe: ga abin da na sha, ga inda ya soke ni, ga lokacin da ya kumbura, ga lokacin da ya saɓe. Da aka kai ta asibiti bayan salla, haka ta zayyana wa likita, ba ta rage komai ba. Likita bai ko gama saurara ba ya sa yatsa a ƙarƙashin harshenta ya lalubo wani abu mai tauri. Aka ɗauki hoto, sai ga tsakuwa, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Aka ɗan tsaga ƙarƙashin harshen aka fito da ita, ran nan ta kwana a gida. Ta ƙulle tsakuwar a leda tana nuna wa 'yan dubiya. Da na je ta ce mini, "Ɗan nan, ku da kuka yi boko, faɗa mini ta ina tsakuwa ta shiga bakina, ni da ba na dafa shinkafa sai na rege ta sau biyu?"

Amsar tambayar Gwaggo ita ce mabuɗin wannan magana duka. Yawun da ke bakinmu yana da maɓuɓɓuga manya guda shida, uku a dama uku a hagu. Mafi girma tana gaban kunne, ta ɗan gangaro bayan muƙamuƙi, ita ce wadda hangum kan kumbura. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku a ƙarƙashin harshe. Su da wasu ƙanana, a kwana ɗaya sukan zubo abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi, muna haɗiyewa ba mu sani ba. Kowace babba tana da 'yar magudana da ke kai yawun cikin baki. Magudanar ta gaban kunne tana ɓullowa ne ta cikin kunci, daura da turmin haƙori na biyu na sama. Wani saurayi ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, shi ya gano ta a 1660 yana feɗe kan tunkiya a birnin Amsterdam. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa wani likitan Ingila ne, Thomas Wharton, ya yi bayaninta a 1656.

Idan abu mai tsami ya taɓa harshe, sai maɓuɓɓugan nan su yunƙuro gaba ɗaya su tunkuɗo yawu da ƙarfi. Wannan yunƙuri shi ne ɗan sukan da kowa ya sani, kuma ba cuta ba ne. Amma in akwai abin da ya tare magudana, yawu ya taso ya rasa mafita, sai wurin ya kumbura ya yi ta zogi har yawun ya samu ya tsiyaye a hankali. Tsakuwar Gwaggo ba daga shinkafa ta zo ba. A cikin magudanar ta ginu, daga irin sinadarin da ke cikin ƙashi da alli, wanda yawu ke ɗauke da shi. Wajen takwas cikin goma na irin waɗannan tsakuwoyi a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi ake samun su, don yawunta ya fi kauri, magudanarta ta fi tsawo, kuma hawa take yi ba gangara ba. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wa yawu kauri, shi ya sa bazara da ƙishirwa suka tono abin da ya daɗe yana taruwa.

Giya ma ta wannan ƙofa take fara shiga. Burkutu, wadda ake yi da dawa, tsami gare ta. Ta kwalba tana da ɗaci, ta inabi kuma ga tsami ga bauri. Duk suna zaburar da maɓuɓɓugan yawu kamar yadda tsamiya ke yi, har ila yau giya tana sa yawan fitsari, jiki ya bushe, yawu ya yi kauri. Saboda haka yawancin masu jin sukan muƙamuƙi in sun kurɓa, abin da ke damunsu ɗan'uwan na Gwaggo ne, ko kuwa ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon gaɓar muƙamuƙi. Amma fa Hausawa sun ce kama da Wane ba ta Wane. Akwai wani iri dabam, shi ne wanda ya sami ɗan kawuna.

Taubashina ne, tsaranmu ɗaya, tare muka yi kiwon awaki muka yi makarantar allo. Ni na bi boko, shi kuwa ya shiga birni yana tuƙa adaidaita sahu. Abokai suka ja shi, ya koyi zuwa Sabon Gari da dare. A gida an ji ƙishin-ƙishin, amma ba wanda ya taɓa furta kalmar. Sai dai a ce, "Yaron nan birni ya fara ɓata shi." Bayan babbar sallar 2021, kwatsam sai ya daina. Ya koma sahun farko a masallaci, yana zuwa gida kowace Juma'a. Inna, mahaifiyarsa, ta soya waina ta yi sadaka, ta ce addu'arta ce Allah ya karɓa. Kawu bai ce komai ba, amma ya ɗinka masa sabuwar riga.

Ana cikin wannan murna sai wasu 'yan ƙullutai suka fito masa a gefen wuya, ƙarƙashin muƙamuƙin dama. Ba zafi, ba ja, in ka taɓa sai ka ji kamar roba. Aka ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba. Wanzami ya yi ƙaho. Mai kemis ya ba da kafso kala-kala. Sai zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da gumin dare wanda har sai ya tashi ya sake riga, da ƙaiƙayin jiki ba ƙurji, da rama har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Kawu ya ɗauke shi ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Ma'aikacin da ya duba shi ya tambaye shi, a gaban mahaifinsa, ko yana shan wani abu. Wane ɗa ne zai amsa wannan a gaban ubansa? Ya sunkuyar da kai ya ce a'a. Aka ce alamun sun yi kama da tarin fuka na wuya, aka ɗora shi a kan magani na wata shida. Ya shanye tas, ƙullutai sai ƙaruwa, har suka ɓulla a hammata.

Da kakar 2022 na je gida hutu, muna zaune da dare a kan dammunan dawa a bakin rumbu, sai ya ce, "Kai bawana, matso in ba ka wani labari. Amma in ka kai wa Baba, wallahi ranar kasuwa zan ja ka Badume in sayar." Na ce, "Wa zai sayi ubangida a hannun bawansa? Faɗi muna ji." Ya yi dariya, sa'an nan ya yi shiru, can ya ce, "Kowa yana cewa shiriya ce ta zo mini. Ni dai na san tsoro ne. Wata rana na kurɓa sau biyu kawai, ban ko kai rabin kofi ba, sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a nan." Ya nuna daidai inda ƙullutan suke. Ya ce a lokacin babu ko ƙullutu ɗaya da ido ke gani. Ya sake gwadawa bayan mako guda, abin ya dawo a wuri ɗaya cikin 'yan mintoci. Ya ce shi lemon tsami ba ya sa masa wannan ciwo, kunun tsamiya ma haka, tauna nama ma haka, giya kaɗai. Fiye da shekara yana ɗauke da wannan magana. Ga kunyar iyaye, ga kuma tsoro, don tun 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Kano shan giya laifi ne ga Musulmi a gaban alƙali, shi kuwa yana zaton duk abin da ya faɗa wa likita zai iya ƙarewa a kotu. Wasan taubasantaka ne kaɗai ƙofar da ya samu, don abin da ba ya faɗuwa da gaske yakan faɗu da wasa.

Washegari na kira wani abokina da ke ajin ƙarshe a karatun likita, na ba shi labari ban ambaci suna ba. Ya yi mini tambaya uku: shekarunsa nawa, yana gumin dare, ya rame? Da na amsa sai ya ce, "Kada ku ƙara kwana bakwai ba ku kai shi babban asibiti ba, kuma ya faɗa wa likita zancen giyar nan da bakinsa, kamar yadda ya faɗa maka." Muka tafi Kano mu uku da Kawu. Da aka kira mu, likitan ya dubi Kawu cikin ladabi ya ce, "Baba, don Allah a ɗan ba mu wuri, zan duba shi." Kawu ya fita, ni ma na fita. Abin da aka kasa faɗa cikin wata goma sha shida aka faɗe shi cikin minti biyar. A makon aka yanki ƙullutu ɗaya aka kai ɗakin awo, sakamako ya fito: sankarar kaluluwa ce, irin wadda ake kira cutar Hodgkin.

Sunan wani likitan Ingila ne, Thomas Hodgkin, wanda ya fara bayyana ta a London a 1832, bayan ya yi nazarin mutum bakwai. Kaluluwa, kamar yadda muka sani, 'yan ƙullutai ne da Allah ya zuba a wuya da hammata da matsematsi da cikin ƙirji, suna tace ƙwayoyin cuta. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe yatsa ya ruru sai ta matsematsi ta taso. Wannan cuta kuwa su kansu masu gadin take kamawa. Ta fi son matasa, daga shekara goma sha biyar zuwa talatin da 'yan kai, sai kuma waɗanda suka haura hamsin da biyar. Alamunta su ne waɗanda na lissafa: kaluluwa marar zafi da ta ƙi bajewa, zazzaɓi, gumin dare, rama, ƙaiƙayi. Da yake tarin fuka ma yakan zo da yawancin waɗannan, kuma ya fi ta yawa nesa ba kusa ba a ƙasarmu, sau da yawa shi ake fara zato. Ba abin da ke raba gardama sai a yanki kaluluwar a duba ta da madubin likita.

To, tun 1950 likitoci suka rubuta cewa wasu masu wannan cuta sukan ji zafi mai tsanani a daidai kaluluwar da ta kamu, 'yan mintoci bayan sun sha giya, ko da kurɓi ɗaya ne. Ana danganta abin da yadda giya ke buɗa hanyoyin jini, kaluluwar ta cika ta matse a cikin fatarta. Masu jin haka ba su kai ɗaya cikin goma na masu cutar ba, amma alama ce wadda in likita ya ji ta tare da ƙullutu a wuyan saurayi, ba zai tsaya dogon zato ba, awo zai tura. Watau dai jikin taubashina ya yi magana tun da wuri, da murya sarai. Jiki magayi ne, sai dai a wannan karo abin da ya gaya masa ba mai faɗuwa ba ne a zauren gidansu.

Abin farin ciki shi ne wannan tana cikin sankarar da ta fi jin magani. Tun wajen 1975 wani likitan Italiya, Gianni Bonadonna, da abokan aikinsa a birnin Milan suka haɗa magunguna huɗu da ake sawa ta jijiya, kuma an daɗe ana cin moriyarsu a duniya. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da takwas cikin goma suna warkewa. Amma gwargwadon daɗewarta gwargwadon yaɗuwarta, gwargwadon kuma tsawon magani da tsadarsa. Taubashina sai da ya sha ƙarin ruwan nan sau goma sha biyu, duk bayan mako biyu, daga Janairu zuwa Yuni na 2023. Gashinsa ya zube, ya yi amai har ya gode Allah. Abin ya zo daidai da canjin kuɗi, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo a kasuwannin ƙauye. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa biyu a farashin da ba ya son tunawa, ya kuma jinginar da gonar da ya gada. Yau taubashina yana nan da ransa, ya murmure, ya koma kan adaidaita sahunsa, yana zuwa awo lokaci-lokaci. Gonar kuwa har yanzu tana hannun mai jingina, Kawu yana wucewa ta gefenta kullum in za shi masallaci.

Na sha zama ina auna waɗannan mutum biyu. Ciwonsu wuri ɗaya, dukansu kurɓi ne ke tayar da shi. Gwaggo ta sami lafiya cikin wata guda don abin da ta sha ba abin kunya ba ne. Shi kuwa ya yi shekara da watanni yana yawo tsakanin ƙaho da kafso don abin da ya sha ba ya ambatuwa. Ban zo in wanke giya ba. Addininmu ya hana ta, likitoci kuma sun tabbatar tana lalata hanta, tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro. Ba kuma ita ta sa masa cutar ba, tona ta kawai ta yi. Inna har gobe tana cewa ciwon nan ishara ce Allah ya aiko wa ɗanta, ni kuwa ban ga abin musu a ciki ba. Sai dai ishara tana da fuska biyu: ta ce masa ya bari, ya bari, ta kuma ce masa ya je a duba shi, wannan rabin ne kunya ta danne.

Saboda haka ina da 'yar magana ga 'yan'uwana ɗalibai. Da farko, kada wani shaƙiyyi ya karanta wannan ya ce zai kurɓa don ya auna lafiyarsa, ba awo ba ne, mafi yawan masu cutar ma ba sa jin komai. Abin lura shi ne ƙullutu. Duk kaluluwar da ta wuce mako uku ko huɗu ba ta baje ba, musamman marar zafi, ko mai tafe da gumin dare da rama, ta wuce wanzami da kemis. Haka kumburin da ke tasowa lokacin cin abinci ya saɓe bayansa. Ciwon muƙamuƙi mai zuwa tare da nauyin ƙirji da haki kuwa, wannan na gaggawa ne, don zuciya takan aiko da kukanta ta nan. Muna da babban asibiti a Bici, a Kano ga Asibitin Murtala ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya ga na Shika. Na biyu, mu sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majiyyaci, ba su da ikon fitar da shi sai da izninsa, ko da umarnin kotu, ko in rufewar za ta cuci lafiyar jama'a. Mu da muka san wannan, mu kai shi ƙauyukanmu.

Ga waɗanda za su zama likitoci da malaman asibiti a cikinmu kuma, ku tuna da ɗan abin da likitan nan ya yi, wanda bai ci ko kwabo ba: ya sallami uba kafin ya tambayi ɗa. Bahaushe ba ya faɗin laifinsa a gaban mahaifinsa, mace ba ta faɗin nata a gaban suruka, kuma wannan tarbiyya ce, ba taurin kai ba. Wanda ya san mutanensa sai ya gyara musu wurin da gaskiya za ta iya fitowa. Iyayenmu ma, in sun raka mu asibiti, alheri ne su tsaya a bakin ƙofa.

Kunya ado ce, kuma ba na fatan ranar da za a ce ta ƙare a ƙasar Hausa. Amma kowane ado da wurin sa shi. Magabata da suka san darajarta fiye da mu, su ne dai suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗakin likita kuwa ranar wanka ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya shirye mu baki ɗaya, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.